A Tsaye Ko A Zaune

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

An koro mu. Kora dai kora ce, ko da murmushi aka yi ta.

Da hantsi Baba ya tashi da tari, na ga yana dafe ƙirji, ban tsaya wata-wata ba na kira Ɗanladi maƙwabcinmu ya fito da keke napep ɗinsa muka nufi babban asibiti. Muka tarar an canza tsari a sashen gaggawa. An ajiye tebur a bakin ƙofa, wata nas na zaune, duk wanda ya zo sai ta duba shi ta ɗaura masa zare a hannu. Ja na nufin a shiga da kai yanzu, ruwan ɗorawa ka jira, kore kuwa ka koma ƙaramin asibitin unguwarku.

Ta ɗago ta gan ni ta ce, "Hajiya, ke ta kuma?" Ashe har an san fuskata. Sannan ta juya ta ce, "Baba, ya jiki?"

Shi kuwa Malam Maccido, mai wankin hula na Ƙofar Dundaye, wanda ya kwana yana tari, ya gyara zama ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ta gwada jininsa, ta maƙala masa ɗan abin auna iskar jini a yatsa, ta saurari ƙirjinsa. Ta ce mura ce, ba ta gaggawa ba. Kore.

Na yi faɗa, ban ɓoye ba. Ta bar ni na gama, sannan ta nuna mini wani mutum da aka shimfiɗe a ƙasa, mashin ya buge shi, ana neman gadon da za a ɗora shi. Muka juyo gida, amma ba don na yarda ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Baba ya yanke zaren da almakashina ya ajiye mini a kan keken ɗinki. Ya ce, "Balkisu, kin kai ni an yi man awa rago a kasuwa. Aradu ba ni komawa wurin ga a sake ɗaura man zare a koro ni."

Ya rantse. Na shiga uku.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yaya Zayyanu ya zo. Shi ma'aikacin gwamnati ne, yana da katin inshorar lafiya, amma katin matarsa da 'ya'yansa kawai ya sani, bai san uba ba. Mu duk zuwa babban asibiti daga aljihu ne, tun daga kati har safar hannun da za a taɓa ka da ita. Ya ce bana kaɗai na kwashi Baba zuwa gaggawa fiye da yadda zai iya tunawa, kuma duk zuwan da kwalbar maganin tari muke dawowa. Ya ce ga asibitin sha-ka-tafi nan a bayan makarantar firamare, an gyara shi, an kawo ma'aikata, me zai hana?

Na ce sha-ka-tafi? Ka tafi ina, kabari?

Ya ce bakina ya cika kaifi. Na sani. Amma shi ba ya gidan ranar Inna. Shekara biyu ke nan. Da safe na ce mata ya jiki, ta ce da sauƙi. Ta share tsakar gida, ta dama wa Baba fura, kafin azahar an rufe ta da zane. Tun ranar duk wanda ya ce mini da sauƙi sai gabana ya faɗi. Mutanenmu ko ana zare musu rai haka za su ce, don kada su yi wa Allah butulci. To ni ta yaya zan gane ranar da ta gaske ce? Gara in kai shi inda akwai likitoci da injuna sau ɗari a banza da in makara sau ɗaya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ni kam ko zaren ɗinki na gani sai na yi tsalle.

Litinin, 21 ga Afrilu

Tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu Baba ɓoye mini tari yake yi. Na ji shi a bayan gida, can wajen da yake shanya huluna, yana toshe baki da hannun riga. Da na leƙa sai ya fara waƙe-waƙe.

Wato ni na koya masa ɓuya. Da ina jin tarin in firgita, yanzu shirun ne ke firgita ni.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Maganin hawan jininsa ya ƙare, ya ƙi babban asibiti, dole ƙafata ta taka sha-ka-tafin da na raina. Tafiyar ƙafa ce, ba nisa. Ɗaki uku, benci a ƙarƙashin dogon yaro, mata da goyo sun cika wurin. Na tafi da shirin ganin ƙazanta, ban samu ba, abin har ya ɗan ba ni haushi.

Wadda ke duba manya Sista Martha ake ce mata. Iyayenta mutanen Filato ne, Kirista ce, amma a Tudun Wada aka haife ta, Sakkwatancinta ya fi nawa tsami. Gajera ce, ga tabarau a ɗaure da igiya.

Na zauna ina jiran ta ce ya jiki, in ji abin da na saba ji. Ba ta ce ba. Ta gaishe shi, ta tambayi sana'a, sannan tana naɗa masa abin gwajin jini ta ce, "Baba, asubar yau masallaci kay yi ta ko gida?"

Ya ce masallaci.

"Kana isa ba ka tsaya hutawa ba?"

Ya ce, "Na ɗan tsaya ga shagon Tambari."

Ni da nake gida ɗaya da shi ban san yana tsayawa a hanya ba. Masallacin nan fa ana jin tarin liman daga zaurenmu.

Ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ta ce zuciyarsa ta ɗan gaji, ruwa na taruwa a jiki. Akwai likita da ke zuwa duk Talata, zai gan shi. A rage gishiri da magi. Da muka fito ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyar Baba, bar tambayar shi jiki. Tsoho shina yi miki kawaici bisa jikinai, amma ba shi yin ƙarya bisa sallatai. Ki duba: masallaci, ko gida a tsaye, ko gida a zaune. Ranar da kig ga ya zauna, ko ya kasa kwanciya sai a jingine, kada ki jira komi."

Na ce in ranar ta zo kina da injin da za ki tashe shi?

Ta ce ba ta da shi. Ta ce aikinta ta hana ranar zuwa, in kuma ta zo ta gane ta da wuri. Na ji daɗin da ba ta yi mini ƙarya ba.

Talata, 6 ga Mayu

Likitan Talata ya ƙara masa wata ƙwaya ƙarama mai fitar da ruwa. Baba ya tsane ta. Ya ce ta mayar da shi yaro, alwala ba ta zama, yana zaga bayan gida kamar mai neman abin da ya ɓace.

Ni kuma na zama 'yar gadi. Na matsar da keken ɗinkina kusa da taga inda nake hango zaure. Ana kiran salla nake kasa kunne in ji ƙarar ƙyaure. In ya fita, in numfasa. In ya daɗe bai fito ba, ƙafata ta tsaya a kan keke.

Juma'a, 16 ga Mayu

Jiya ya tashi da zazzaɓi. Har na ɗauki waya zan kira Ɗanladi. Sai na ji ƙyaure, ya fita azahar, ya dawo da ƙafarsa yana mitar zafin rana. Muka je wurin Sista Martha, aka ɗebi jini a yatsa, zazzaɓin sauro ne. Kafin la'asar muna gida.

Ban ce na yarda da su ba. Sa'a ce kawai.

Duk da haka ban rintsa sosai ba. Ina ta tunanin in ashe ba sauro ba ne fa? In ɗan abin gwajin nasu ya lalace da zafi fa?

Lahadi, 25 ga Mayu

Yau Baba ya ce miyata ta koma ruwan wanke hannu. Na ce Sista ta hana gishiri. Ya ce, "Ke da Sistar taki kun haɗa kai ku kashe ni da lahiya."

Ya yi dariya, na yi. Rabon da mu yi dariya tare na manta.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Babbar Salla. Ya je idi, ya dawo fes cikin farar shadda. Yaya Zayyanu ya yanka rago, maƙwabta sun yi ta aiko da soyayyen nama, kowane kwano gishiri kamar an kifar da buhu. Na ɓoye abin da zan iya ɓoyewa. Amma zaure ba nawa ba ne, abokansa na shigowa da nasu a leda.

Laraba, 11 ga Yuni

A barandar babban asibiti nake rubutu, a kan tabarma. Bari in faɗa daga farko.

Jiya da asuba ban ji ƙyaure ba. Na ce ko barci ya ɗauke ni ne ban ji ba. Da safe na kai masa koko, na same shi a jingine da bango, ya tara filo a bayansa. Bakina ya riga ni, na ce ya jiki. Ya ce da sauƙi. Ya ce zafi ne ya hana shi kwanciya.

Aka kira azahar. Na tsayar da keke ina jira. Shiru. Aka tayar da salla, shiru. Na lallaɓa na leƙa ta gefen labulensa. Yana kan buzunsa a zaune, ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, kafaɗunsa na hawa suna sauka kamar wanda ya yi gudu. Mutumin da ko ranar da aka binne Inna a tsaye ya yi sallarsa.

Na dafa bango na jira ya sallame, don ko mutuwa ce ta zo ba zan katse masa salla ba. Wannan raka'a huɗun ban taɓa ganin masu tsawonsu ba.

Yana sallamewa na ce Baba, tashi mu tafi babban asibiti. Ya girgiza kai. Da ƙyar maganar ke fita, ya ce, "Na rantse." Na durƙusa, na roƙe shi da Allah da Annabi, ya kawar da kai. Sai na ce to wurin Sista Martha. Ya miƙo mini hannu.

Ɗanladi ya kai mu, likitan Talata ya riga ya tashi. Sista tana ganin yadda muka shigo da shi ta bar wadda take dubawa. Ta maƙala masa abin yatsa, ta saurari bayansa, fuskarta ta canza. Ta ce ƙwayar ruwan fa? Ya sunkuyar da kai. Ashe tun jajibirin Salla ya daina sha, wai kada ta kunyata shi a filin idi, daga nan baƙi suka yi ta zuwa, ya ci gaba da ɓoye ta a ƙarƙashin buzu. Ga nama. Ruwa ya hau huhu.

Ta yi masa allura, ta buga waya can babban asibitin, ta rubuta takarda ta ba ni. Ta ce wannan ya fi ƙarfinta, yanzu za mu wuce. Baba ya ce ya rantse ba ya komawa.

Ta ce, "Mi kar rantse, Baba? Hwaɗa man daidai."

Ya ce ba ya komawa a ɗaura masa zare a koro shi.

Ta ce, "To yau ba a koro ka, rantsuwarka na nan. Amma in anka ce maka ya jiki, kada ka ce da sauƙi."

Ya buɗe ido ya dube ta. "In ce mi? In kai ƙarar Ubangijina ga mutum?"

Ta tsuguna a gabansa ta ce, "Ka ce alhamdulillahi, wannan haƙƙin Allah na. Sannan ka hwaɗi gaskiya, wannan haƙƙin ɗiyag ga na. Dube ta."

Ya dube ni. Ban san yadda fuskata take ba, amma ya daɗe yana kallo.

A hanya ina riƙe da shi, duk ramin da keken ya faɗa sai in ji kamar shi ke nan. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Muka isa teburin nan, nas ɗin nan ce dai. Ta karɓi takarda, ta ce, "Baba, ya jiki?" Na runtse ido.

Ya ce, "Alhamdulillahi." Ya ja numfashi. "A zaune niy yi azahar."

Ban sani ba ko ta gane abin da yake nufi. Ta dubi abin yatsa ta miƙe tsaye. Ja ta ɗaura masa. Ban taɓa zaton zan ga jan zare a hannun ubana in ji sanyi a raina ba. Akwai gado, aka sa masa oksijin nan take.

Sai da suka shige da shi na lura babu takalmi a ƙafata.

Lahadi, 15 ga Yuni

An cire masa oksijin. Ya ci tuwo kaɗan, ya ce na asibiti ma ya fi nawa gishiri.

Ina zaune a baranda ina kallon masu zuwa teburin zare. Yau wata ta zo da mijinta, an ba su kore, tana ta zazzaga masifa. Na ji kamar in je in riƙe hannunta. Ban je ba, don na san abin da zan ce da ni aka zo riƙewa.

Gadon da aka ba Baba, ban san wa aka mayar gida ya samu ba. Ba na son in yi ta tunanin wannan.

Alhamis, 19 ga Yuni

An sallame mu, amma ga wata sabuwa. Likita ya ce zuciyar ta ƙara rauni. Ban da wankin hula, ban da tafiya cikin rana, salla kuma ya riƙa yi a zaune har sai abin da hali ya yi. Liman ya zo duba shi ya ce addini ya yarda, babu laifi.

Kowa ya ji daɗi ban da ni. In kullum a zaune zai yi, ni da me zan gane? Abu ɗaya da nake da shi an karɓe. Na je wurin Sista Martha kamar mahaukaciya na ce mata yanzu me zan duba? Ta ce in duba ƙafa, in duba filo, in kawo shi awo duk mako. Ta ce amma gaskiya yanzu sai abin da ya faɗa da bakinsa.

Bakin Baba! An bar kura da gadin akuya.

Na dawo na zauna a gaban keke, ɗinkin mutane ya taru, na kasa taɓa ko ɗaya.

Litinin, 30 ga Yuni

An yi ruwa jiya, gari ya yi sanyi.

Bayan la'asar ina haɗa hannun wata riga sai na ji ya kira ni. Ba ya kirana sai in abinci yake so. Na same shi a bakin ƙofar ɗakinsa yana juya takalminsa a hannu. Bai dube ni ba, takalmin yake kallo. Ya ce, "Alhamdulillahi." Sannan ya ce, "Takalmin ga ya matse ni yau. Jiya bai matse ba."

Ban tambaye shi ba. Shi ya faɗa.

Na ce numfashi fa? Ya ce lau. Kwanciya? Ya ce filo ɗaya, kamar kullum. Ƙwaya? Ya ce in je in ɗaga buzu in gani. Na danna ƙaurinsa, ya ɗan lotsa, ba sosai ba. Na kira Sista Martha na faɗa mata, ta sa na ba shi wayar suka yi magana, ta ce in kawo shi gobe da safe, ga likitan Talata ma zai zo. In numfashi ya canza kafin nan, kada in biyo ta kanta, in wuce babban asibiti.

Keken Ɗanladi na fake a ƙofar gida, ina hango shi ta zaure. Na tsaya ina kallonsa, ban san iya tsawon lokacin ba. Sannan na koma kan ɗinkina. Hannun rigar a juye na haɗa shi, sai da na farke.

Da na kai masa tuwo ya ce, "Ke hwa, ya jiki?"

Na ce da sauƙi.

Ya ajiye cokali ya ce, "A'a. Alhamdulillahi, sannan ki hwaɗi gaskiya."

Na ce, "Tsoro nika ji, Baba."

Ya ce, "Na sani. Ni ma shi nika ji." Ya ci gaba da cin tuwonsa, bai ko yi mitar gishiri ba.

Ba wai na daina ba ne. Na leƙa shi ya fi a ƙirga, kuma wayata na hannuna. Amma dai gobe za mu je. Da safe, a ƙafa, a hankali, mu huta a shagon Tambari.